Yadda Aka Turke Takardar Ziyad

Ƙanena Ziyad ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Tambuwal yana tsaron shagon takin zamani na Kawu Sambo. Abu ɗaya yake so a duniya: ya tafi wata makarantar koyon kasuwanci a Legas, irin ta masu digiri. Ni yayarsa ce, na san shi tun yana cin ƙasa, ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan abu haka ba.

Makarantar tana karɓar takardun neman shiga kashi uku a shekara. Wani Gazali da ya yi karatu can ya ba shi shawara a waya: ya tura a kashin farko tun gurabe suna da yawa, amma takardar ta yi ƙarfi, don suna son wanda ya taɓa shugabantar jama'a. Ganganci ɗaya Ziyad ya yi, ya ƙure muryar wayar alhali Kawu yana zaune a shagon.

Kawu Sambo ƙanen Innarmu ne, kuma duk rayuwarsa turke bajimai yake yi yana kai su kasuwa. Ya sa Ziyad ya karanta masa abin da ya rubuta, ya saurara ido rufe.

"Wagga takarda ramammiya ta," in ji shi. "Ni ban kai bajimi kasuwa haƙarƙarinai waje. Turke ta za mu yi, mu ciyar da ita."

"Kawu, a watan nan ake rufe kashin farko."

"Su ruhe. Mu da ƙiba za mu tahi."

Na ce masa, Kawu, takarda ce fa, ba ta cin dusa. Ya ce in je in duba tukunyata.

Daga ranar Kawu ya hau babur ya shiga zagaya surukai da abokan ciniki. Kafin a ce me, Ziyad ya zama shugaban masu albasa na Sanyinna, mutumin da bai taɓa dasa ko ƙwaya ɗaya ba. Aka ba shi kwamitin sulhun manoma da makiyaya a Fakku, can ƙasar Kebbe. Aka ƙara masa rijiyar burtsatsen unguwarmu, da ƙungiyar iyayen yara ta firamare, shi da ko budurwa ba shi da ita. Direbobin tasha kuwa sun daɗe suna rigimar shugabanci, sai suka ga wanda bai iya tuƙi ba shi ne ba zai yi son kai ba, suka naɗa shi. Kashin farko ya wuce. Na biyu ma ya wuce, Kawu yana cewa saura kaɗan ta cika.

Abin haushin, Ziyad bai iya wasa da aiki ba. Suna kawai aka ce ya karɓa, shi kuwa ya zage damtse. Ya gyara rijiya, ya samo wa masu albasa mai saye daga kudu, ya kuma kafa doka biyu a tasha: mota ba ta fita sai shugaba ya tsaya a bakin ƙofa ya duba lodi ya ɗaga hannu, kuma ba a ɗaukar fasinja a wajen tasha. Har alfahari ya yi da dokokin nan a cikin takardar.

A kashin ƙarshe aka tura ta. Ranar da malaman makarantar suke masa tambayoyi ta bidiyo a waya, wasu mutum biyu daga Fakku suka shigo shagon da maraƙi, kowa yana rantsuwa nasa ne. Ziyad ya nemi uzuri, ya raba gardamar a gaban malaman. Ba a daɗe ba saƙo ya zo an ɗauke shi. Ya yi kuka, ni ma na yi, don na san irin jiran da ya sha.

Ranar tafiya tasha ta cika maƙil. Ga masu albasa, ga dattawan Fakku, ga iyayen yara. Na ji daɗi, na ɗauka rakiya ce. Aka ɗaure jakarsa a saman bas ɗin Sakkwato, inda zai hau babbar motar Legas, ya shiga gaba ya zauna. Direban, Mansur, ya naɗe hannu.

"Ranka shi daɗe, sai shugaba ya ɗaga hannu."

Ziyad ya zura hannu ta taga ya ɗaga.

"Bakin ƙofa anka ce."

"To bari in sallame ka, ka tsaya a waje in shiga."

"Ba a ɗaukar fasinja waje, ranka shi daɗe. Kai ka hana."

Ziyad ya ce to ya ajiye muƙamin. Dattawa suka ce murabus sai kwamitin sulhu ya amince, ga 'yan kwamitin nan kuwa a tsaye. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sai lokacin na gane ba rakiya suka zo ba, tsare shi suka zo yi.

Wallahi raina ya ɓaci. Na juya kan Kawu na ce, ga abin da ka jawo, sai ka warware. Ya sosa ƙeya, ya ce a hankali, "To ɗiyata, in ya tahi, wa za shi duba rijiya?"

Rana ta yi zafi, fasinjoji suka fara tsaki. A kujerar baya akwai wata mata rungume da yaro, zazzaɓi ya galabaitar da shi, asibitin Sakkwato za ta kai shi. Fifita kawai take masa da gefen mayafi. Ziyad ya waiwaya ya dube ta. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya taka zuwa bakin tasha, ya duba lodi kamar kullum, ya ɗaga hannu. Bas ɗin ya wuce ta gabansa da jakarsa a sama.

Jama'a suka watse suna sa masa albarka. Na tsaya kusa da shi, tausayinsa ya cika ni. Na ce, "Ziyad, gobe ma akwai mota."

"Na sani, Yaya," ya ce. "Ai ni zan sallame ta."