Marigayi Mai Aski Ya Sa Hannu

Tela ya shimfiɗa takardar a kan keken ɗinkinsa, ya danne ta da almakashi, ya miƙo mini biro. Koke ne zuwa ofishin ruwa: wata uku ke nan famfon layinmu yana zubo da ruwa mai warin kwata. Na bi sunayen da ido har sama. A layin farko, gurbin jagoran masu koke, sunan mai askin unguwa ne.

"Ba wannan ne ya rasu ina makaranta ba?"

"Shekara shida ke nan," in ji Tela. "Allah ya jiƙansa. Shi ya samo mana fitilun titi bara."

Na ɗauka wasa yake yi. Shekara tara na yi a waje ina karatu, na dawo da yawan tambaya, abin da Inna ke kira ciwona. Na tambayi mai shago, na tambayi mai faci. Amsar ɗaya ce: marigayi ne a gaba, sauran su bi baya. Ba wanda ya ga abin mamaki.

A gida na tayar da maganar. Yayana, direba a ofishin ruwan, yana goge takalminsa.

"'Yar boko, sa hannu a ƙasa kamar kowa."

"Haƙƙinmu ne fa, Yaya. Don me za mu ɓuya a bayan kabari?"

"Shi ba a korarsa daga aiki."

Inna ta yi dariya. Ni ban yi ba. Washegari na koma wurin Tela, na ja layi a kan sunan mamacin, na rubuta nawa cikakke, har da na mahaifinmu. Tela ya daɗe yana kallon takardar. "To," kawai ya ce.

*

Bayan kwana goma aka kira ni zuwa ofishin ruwan. Magatakardan dattijo ne mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya juyo fanka ta fuskance ni. Ban ji tsoro ba. So nake in san yadda abin ke tafiya.

"Baba, kun san mai askin nan ya mutu?"

"Da ni aka kai shi makwancinsa, 'yata."

Ya yi mini bayani a tsanake, kamar mai kwatancen hanya. In koke ya zo, manya ba sa tambayar me ya lalace, sai dai wa ya zuga mutane. Sai a aika wa marigayi sammaci. Ba ya zuwa. A rubuta an ja masa kunne, a rufe fayil. Bayan sati biyu a tura masu gyara, a ce dama aikin yana cikin tsari. Manya ba su ji kunya ba, jama'a sun sha ruwa.

"Yanzu fa?"

"Yanzu akwai mai rai. In aka gyara, cewa za a yi kin kayar da mu." Ya ɗora yatsa a kan ƙarshen sunana. "Ke ba ma'aikaciyarmu ba ce, ba yadda za a yi da ke. Amma muna da mai irin wannan sunan a gareji."

Na ce Yaya bai sa hannu ba. Ya ce ya sani, kuma abin ya dame shi. Na yarda ya dame shi.

*

Ranar Litinin Yaya ya miƙa makullin mota. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na sami abin cewa. Famfon kuwa rufe shi aka yi gaba ɗaya, wai ana bincike.

Yanzu da safe yakan ari kura, ya ɗebo ruwa a rijiyar burtsatse ta bayan kasuwa, ya bi layi gida-gida. Jiya ina tsaye a ƙofa ya sauke wa Tela jarka biyu. Suka gaisa, ba wanda ya kalli wani. Sannan ya wuce ta gabana yana tura kurar a hankali, yana kauce wa ramuka, kamar akwai babban mutum zaune a baya.