Jiƙon Tanna

Shekarar da gero ya ƙone a kara, soja kuma suka karɓe mulki a Yamai, ita ce shekarar da Tanna ta rasu. Ta bar wa mijinta Gado ƙullin saiwoyi a cikin tsohon kallabinta. Tana raye takan jiƙa masa ɗan kaɗan ranar Juma'a, ya sha yana yamutsa fuska yana cewa kashe shi take son yi. To ga shi yanzu, ba mai tilasta masa, safe da yamma sai ya jiƙa cikin hannu guda ya shanye tas.

Da idanunsa suka fara yin rawaya, 'yarsa Husaina ta ɗora shi a kan kabu-kabu daga Korgom zuwa asibitin Tasawa, aka ɗebi jini.

Likita ya duba sakamako ya ce, "Baba, hantarka tana wahala. In ta ji ciwo akwai abin da take zubowa cikin jini, naka ya yi yawa. Kana shan giya?"

"A'uzubillahi! Yaro, dubi gemuna."

"Ƙwayoyin 'yan tebur fa? Ko gyaɗa mai fumfuna?"

"Ina muka ga gyaɗa bana?"

"Ciwon shawara kuma mun gwada, babu. To mi kake sha?"

Husaina ce ta tona zancen jiƙon, har ta kwatanta yawan da tafin hannunta.

Likita ya ce, "Ka bari yau, hanta tana iya komawa daidai. In ka ci gaba, ba na ce ka ga damina ba."

A gida Husaina ta shimfiɗa masa tabarma, ta miƙa hannu. "Baba, kawo ƙullin."

"Ba don magani nake sha ba," in ji shi. "In ɗacin nan ya taɓa harshena, sai in ji kamar tana tsaye tana jira in miƙo ƙwarya."

"Ni fa? In ka bi ta, wa ya rage mini?"

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Kewar Tanna ta cika masa ƙirji. Can ya kwance shi a hankali, ya juye saiwoyin duka a zanen Husaina, ya kakkaɓe.

"Tafi da su," ya ce. "Kallabin dai bar mini."