Lemun Tsamin Malam Yusha'u

"Ajiye bokitin nan, Ɗantala. Shinkafa aka ce maka na shuka?"

Malam Yusha'u, tsohon magatakardan dagaci, yana kishingiɗe a tabarma, murya ta dusashe amma faɗan yana nan. Tun da ciwo ya kayar da shi, maƙwabcinsa Ɗantala ke shigowa ya shayar da shuke-shuken da ke jere cikin tukwane a tsakar gida. Ɗantala manomin gyaɗa ne, ganyen da ba a kai wa kasuwa duk ciyawa ne a wurinsa.

"Bakin ganyen ya bushe, Malam, kamar an ƙona. Ƙishi ne."

"Tura yatsanka cikin ƙasar."

Ya tura, yatsan ya fito da caɓi.

"To ka gani. Ƙishi da yawan ruwa duk a bakin ganye suke nunawa. Sai saman ƙasar ya bushe ka ba ta, ka bari ya tsiyaye ta hujin gindi. Mutsuka wancan ka sansana."

"Ɗaɗɗoya ce."

"Ashe hancin yana aiki. Mai kaurin ganye da ƙaya kabar giwa ce, ita ka ma manta da ita. Wannan kuwa lemun tsami ne. Matata Mas'uda ta binne ƙwayar kafin ta rasu. In damina ta zauna ka kai wa 'yarmu Nuriyya can Ruwan Bago ta dasa. Sauran in sun mutu sun mutu. Wannan amana ce."

"Kai za ka kai da ƙafarka."

"Ni kake yi wa zancen yara?"

Ranar Talata da hantsi Malam ya cika, Nuriyya da ta zo jinya na riƙe da kofin kununsa. Kafin azahar an kai shi.

Cikin gida ya cika da mata, Ɗantala ya zauna cikin maza a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Namiji ba ya kutsawa cikin matan makoki don ganye. Sai bayan addu'ar uku ya yi sallama ya shiga.

Gindin katanga ya zama fadama. Duk wadda za ta yi alwala a kan tukwanen take tsugunawa, kada ruwa ya tafi a banza. Ganyen lemun ya saki, bakinsa ya yi ja. Hajiya Barira, ƙanwar mamacin, tana kansa da buta.

"Hajiya, ɗaga butar nan."

"Lada muke nemar masa, Ɗantala."

"Allah ya ba ku. Ku nemar masa a wani wurin."

Ya sunkuya ya rungumi tukunyar. Wata tsohuwa ta ce, yadda kowa zai ji, "Ba a raba gado ba, har an fara kwasa."

Ya ji ta, amma bai ajiye ba.

"Ku bar shi," in ji Nuriyya daga bakin ɗaki. "Baba ya gaya mini. Baba Ɗantala, shukar za ta rayu?"

"Saiwa ba ta gama ruɓewa ba. Za ta rayu, da yardar Allah."

A gidansa ya ɗora ta a kan duwatsu a inuwar rumbu, ya sa tsinke ya buɗe hujin da laka ta toshe. Ya jawo buzu ya zauna. Ruwan ya fara ɗiga, baƙi-baƙi, yana bin yashi a hankali.