Tayin da Mushe Wada Ya Jira

Mushe Wada malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda Mushe ake ce wa malami, kuma malanta ta shige masa jini har ta kai shi da kansa yake ba kansa maki. Kowace shekara, in an koma karatu a watan Oktoba, sai ya sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, ya rubuta abin da yake son gyarawa a halinsa. Ƙarshen kowane wata ya ɗauki jan bik ya auna kansa bisa ashirin. Da haka ya bar taba, da haka ya daina makarar asuba. Mutum ne mai cika alkawari, musamman in da kansa ya ƙulla shi.

Shekararsa ta uku ke nan a wani ƙauye bayan El Allassane Maïreyrey, inda aka turo shi daga Tasawa. Matarsa ta rasu kafin zuwansa, ba su haihu ba. Ɗakinsa na jingine da aji, can gefen gari, in yara sun tashi ba ya jin komai sai kurciya da awaki. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har yakan kunna rediyo don kawai ya ji muryar mutum. An kuma gaya masa bana ce shekararsa ta ƙarshe a nan. Don haka abu ɗaya tak ya rubuta a shafin farko: "Kafin in bar garin nan, in yi aboki ko da guda."

Ya tsara abin kamar darasi. Gaisuwa goma a rana, kowace da alamarta a kaye. Bikin suna da jana'iza, kada ɗaya ya wuce shi. Ya haddace sunayen magidanta kaf, har da na shanun wasu. Watan farko ya ba kansa sha biyu, kafin Maris ya kai sha bakwai, yana ta jin daɗin ci gaban da ya samu.

To, a garin akwai al'ada. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da akushinsa ƙofar gidan Na Allah, wani dattijo mai amalanke, a haɗa a ci tare. Nan ake tsokana, nan ake gane wanda ke cikin damuwa. Hanyar Wada daga masallaci ta nan ta bi. A shekarar farko kullum sai Na Allah ya ɗaga murya: "Mushe, taho mu ci!" Shi kuwa ɗan birni ya ɗauka tayin fatar baki ne irin na tasha, wanda ake amsawa da godiya a wuce. Ga kunya kuma. Kowa da mai tuƙa masa, shi zai zauna hannu rabbana ya ci na mutane? Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, a ci lahiya," ya koma ɗaki ya dafa taliyarsa, ya buɗe kaye. Sannu a hankali kiran ya ragu, har ya ɗauke. Wannan bai shiga kaye ba, don bai ja masa layi ba.

A watan Yuni takardar canji ta iso. Wada ya zauna ƙarƙashin itacen bedin lakwal ya tara sakamako, ya sami gaisuwa dubu biyu da ɗoriya. Ya zo inda zai sa sunan abokin, bik ya tsaya. Ya bi magidantan nan ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda ya taɓa tambayarsa sunan marigayiya ba. Ya rufe kaye. Sai a lokacin ya tuna da ƙofar Na Allah.

Ranar bai dafa komai ba. Ya ƙudura a ransa in aka ce ya taho, zai zauna, kunya ta yi abin da za ta yi. Da aka sallame magariba ya biyo hanya yana jan ƙafa. Ya iso daidai tabarmar, ya yi sallama, aka amsa, kowa ya mai da kai ga akushi. Ya duƙa yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Akwai baƙo a wurin, Lamine, surukin Na Allah da ya zo daga garin Sarkin Hausa. Shi ne ya ɗago kai.

"Malam, bisimilla mana," in ji shi, yana matsawa gefe.

Wada ya buɗe baki ke nan, Na Allah ya dafa gwiwar surukinsa.

"Ƙyale shi, kak ka takura mishi. Mushe ba shi cin tuwo da mutane. Mutumin kirki ne, wallahi, ba mu taɓa samun mai gaisuwa kamatai ba. Amma haka Allah ya yi shi, ya hi son zama shi ɗai."

Sauran suka gyaɗa kai, babu mai fushi a cikinsu. Ƙamshin miyar kuka ya cika wa Wada hanci, ga wurin da Lamine ya matsa masa a buɗe. Ya miƙe tsaye.

"A ci lahiya," ya ce.

Suka amsa masa da fara'a, kamar kullum.