Surajo Namu Ne

"Kada ka kuskura ka ɗaga wayar banki, Baba. Ko sun kira, bar ta ta yi ta ruri. Daga yau ni ne bakinka."

Bebi ta tsaya a ƙofar falo da kwanon farfesu a hannu. Mai maganar Surajo ne, ya harɗe a kujerar maigida, turarensa ya danne warin maganin da ya kama gidan. Shi kuwa maigidan, Malam Chaïbou, yana kishingiɗe a doguwar kujera, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga.

Mutumin Maraɗi ne. Ya daɗe yana ɗaukar kaya a wani sito da ke Wendover kafin ya mallaki wannan ɗan gida a gabashin Greensboro, a Amurka, da bashin banki, wanda a nan kowa ke kira mogej. Da ciwon ƙoda ya kayar da shi, aiki ya tsaya, biya ya tsaya, banki ya fara kira. Abin da yake nema bai wuce a sassauta masa biyan wata ba. Wanda zai shige masa gaba ne ake ta shawara.

Bebi, wadda gidanta ke jikin nasu, ta ajiye kwanon ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Akwai ofishin da ke taimakon masu irin wannan matsala, kuma ba sa karɓar ko sisi. Sun gyara wa wata abokiyar aikina nata. Ni zan kai ka, ni zan yi maka tafinta."

Surajo ya yi dariya har da buga cinya. "Kyauta, Anti Bebi? A ƙasar nan? Ai araha ba ta ado. Zaunar da dattijo za su yi a layi, wata 'yar yarinya ta tsare shi da tambaya: nawa ka ci, nawa matarka ke samu a kitso. Ni kuwa na san mutanen ciki."

Malam Chaïbou ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya juyo ga Bebi.

"Maman Afnan, na gode. Amma in je gaban bare in ce na gaza? Bon, shi ke nan. Surajo namu ne. Sahu ɗaya muke tsayawa ran Juma'a."

A makon ne matarsa Assibi ta sayar da sarƙar zinaren da ta zo da ita daga gida, aka biya Surajo ladan aikinsa tun kafin ya fara.

Bazara ta wuce. Wata rana Assibi na yi wa Bebi kitso, sai ta ce cikin hira, ai an gama komai, maigida ya sa hannu.

"A kan me, Mama?"

"Surajo ya ce a mayar da gidan sunan kamfaninsa na ɗan lokaci, don kada banki ya taɓa. Ranar wankin ƙoda ya kawo takardun, shi ya riƙe masa hannu ma, don rawa yake yi."

Bebi ta miƙe da rabin kai a tsefe, ta faɗa falo. Ta roƙe shi ya bari ko lauya ya duba, tun rana ba ta faɗi ba. Malam Chaïbou ya ɗago jajayen idanu.

"Ke, na haife ki. Tun ba ki san hanyar filin jirgi ba nake ƙasar nan. Ki je ki riƙe gidan mijinki, ki bar mini nawa."

Ta fita. Daga ranar ta daina shiga falon, sai dai ta miƙa wa Assibi abinci ta ƙofar kicin.

Sanyi na shigowa jikin Malam Chaïbou ya rikice. Da kansa ya aika a kira ta. Ta same shi a gado, ya zama ƙashi da fata, waya a kan ƙirjinsa.

"Ina ta neman Surajo, ba ta shiga. Wataƙila layina ne. Gwada mini da taki."

Ta kira, ta buɗe murya don ya ji. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Bebi ce. Ga Baba Chaïbou yana son..."

"Kai, har yanzu? Ki ce masa ina mitin." Ya kashe.

Malam Chaïbou bai dube ta ba. Ya miƙa mata wayarsa kamar wani abu da ya gama da shi, ya juya fuska bango. Washegari da hantsi, Assibi na shafa masa ruwa a leɓe, rai ya yi halinsa.

Binne mamaci a Greensboro ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ana cikin karo-karo a masallaci Surajo ya miƙe ya ce kabari da mota duk a wuyansa. Aka yi ta kabbara. Har a maƙabarta shi ya fara shiga rami ya karɓi gawa.

Ranar sadakar uku, mata sun cika falo, Assibi na zaune a ƙasa cikin mayafin takaba, sai Bebi ta ji ƙarar tef ɗin awo daga kicin. Surajo ne da wani ma'aikaci, Desmond, suna auna bango. Tukwanen shinkafar sadaka ma sun ture su gefe.

"Me ake yi a nan?"

"Gyara za a yi, Anti. Na samu mai saye." Ya leƙa falo, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya. "Mama, Allah ya ba da haƙuri. Zuwa ƙarshen wata sai a fara haɗa kaya."

Assibi ta ɗago. "Takaba nake yi, Surajo. A ɗakinsa."

"Malamai sun ce in da lalura ana iya ƙarasawa a wani wuri. Na tambaya."

Bebi ba ta san lokacin da ta ɗaga murya ba. Ta kira shi azzalumi, maci amana, ta faɗi yadda aka riƙe hannun mara lafiya. Matan suka sunkuyar da kai. Wata ta ce a ji tsoron Allah, gidan makoki ne. Mijinta Muhammad Awwal ya shigo ya ja ta waje.

"Kin haukace? Mutumin da ya biya kabari za ki tozarta gaban jama'a?"

"Da sarƙar Mama ya biya, Baban Afnan!"

"To ke kika sa hannun? Wuce gida."

Duk da haka ta kai Assibi ofishin nan. Matar da ta karɓe su ta ce abin da aka yi laifi ne, ana iya kai ƙara, amma shari'a za ta ja, kuma mai ba da shaidar yana ƙasa. Assibi ta saurari fassarar har ƙarshe, ta gyara mayafi.

"Mu tafi, 'yata. Na gaji."

Wata 'yar garinsu, Hindou, ta ba ta katifa a falonta, a wani bene da ke Gate City. Can ta ƙarasa takabar.

Ran Litinin da safe bayan tashin Assibi, Bebi na wanke-wanke, ta hango farar motar da ke kai marasa lafiya asibiti ta tsaya a ƙofar gidan Malam Chaïbou. Da alama ba wanda ya sanar da masu motar rasuwarsa. Direban ya sauke matakalar keken guragu, ya yi hon, ya jingina da mota yana kallon tagogin da ba labule. Can ya naɗe matakalar, ya ja motarsa a hankali.