Lemon Tsami Ya Yi Yawa

Ina buɗe murfin gwangwanin na ga ɓarnar da na yi. Madarar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji tana yawo a kan wani ruwa rawaya, kamar mai shirin yin awara. 

"Nuna mini," in ji Papa Firmin daga kan gadonsa.

Na karkata masa gwangwanin. Ya taɓa gefen ƙarfen da bayan yatsa, sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da na tallafo kansa.

"Suwaiba, molenge ti mbi, 'yata," ya ce da ya sami numfashi. "Ɗumama madarar kika yi?"

"To Papa, mai tari ake ba sanyi? Ka ji ƙirjinka kuwa?"

"Ƙirjina ya gama aikinsa. Madara mai zafi da lemon tsami ba sa zama gida ɗaya, ke da kike dafa abinci ba ki sani ba?"

Na sani mana. Tausayi ne ya rufe mini ido, na sa tukunya a wuta, na kuma ƙi kawo masa ƙanƙara.

Papa Firmin maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu a lungunmu na unguwar Kilomita Biyar, ta gefen Yakite. Kirista ne, tsohon mai haɗa abin sha a wani otel na bakin kogi. Lokacin rikici, da mu muka tsere Kamaru danginsa kuma suka bar unguwar, shi ya ce ya tsufa da koyon ramukan sabon lungu. Ya riƙe makullin gidanmu, ya yi ta ba bishiyar lemon tsaminmu ruwa. Da muka dawo ko cokali bai ɓace ba. Lemo kawai ya ce ya ci, mu yafe masa.

Yanzu asibiti sun sallamo shi, irin sallamar da ba a cewa a dawo. Na buga wa 'yarsa da ke aure a Bimbo waya, ta ce tana hanya, ruwan safe ya ɓata titi. Tana kashe wayar ya kira ni ya ce abu ɗaya yake so: abin shan da yake haɗa wa marigayiyar matarsa duk Lahadi. Wiski, lemon tsami, ɗan lemon zaƙi, sukari, madara, ƙanƙara. Na ce wa'iyazubillahi a zuciyata, a baki kuma na ce, "Papa, zan matse lemo, zan girgiza, amma kwalbar nan hannuna ba zai taɓa ta ba." Ya ce ya yarda. Shi ya zuba wiskin da kansa, rabi a gwangwani rabi a zanin gado, ni kuma na mayar da na gwangwanin awara.

Na dubi kwalbar a kan kujera. Abin da ya rage a gindinta bai fi cikin murfi ba. A lungunmu ba a sayar da wannan kaya, ni kuma da hijabina ba zan tsallaka unguwar Miskin in ce a ba ni wiski ba, ko da ƙafata za ta kai ni kafin ransa ya fita. Idan na ɓata wannan, shi ke nan.

Na zaga gida da gudu. Ƙanƙara sana'ata ce, ni ke sayar wa masu zoɓo da ruwan citta, amma wuta ta ɗauke tun safe. Na buɗe kula, na tsoma hannu cikin ruwa ina lalube, da ƙyar na kamo dunƙule ɗaya da bai kai dunƙulen hannuna ba. Na naɗe shi a gefen zani, na tsinko lemo biyu a bishiyar, na ɗebi ruwan sanyin a kwano, na sa gwangwanin madara a ciki na ɗauko. Ana sallame sallar la'asar a masallacin bakin layi, ni kuwa ko alwala ban yi ba. Tsoro biyu nake ji, na Allah da na maigidana Alhasan, wanda ko sigari ba ya sayarwa a shagonsa na kasuwa.

Da na koma, idon Papa a rufe. Na tsaya ina kallon zanin da ke ƙirjinsa har sai da na ga ya ɗaga.

"Papa, na kawo. Gaya mini, me ake fara sawa?"

Leɓensa ya motsa, sai da na kai kunne bakinsa. "Lemo da sukari. Wiski. Ƙanƙara. Girgiza har hannunki ya yi zafi don sanyi. Madara daga ƙarshe, doucement, a hankali."

Na wanke gwangwanin, na matse lemo, na sa sukari, na fasa ƙanƙarar da gindin wuƙa. Na matsa masa kujerar. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka kewaye wuyan kwalbar, amma ta ƙi ɗagawa. Ya sake gwadawa, kwalbar ta yi tangal-tangal. Ya saki, ya dube ni, bai roƙe ni ba. Da ya roƙa da sauƙi, da na sami wanda zan yi wa faɗa. Ƙanƙara tana narkewa a cikin ruwan lemo, ni ina tsaye da hannu biyu kamar ba nawa ba.

"Salamu alaikum."

Alhasan ne a bakin ƙofa, da carbinsa, ya zo duba mara lafiya kamar kullum. Warin zanin gadon ya riga ni bayani. Ya dubi kwalbar, ya dubi gwangwanin, ya dube ni. Na fara cewa, "Baban Ikram, wallahi ban taɓa..."

"Na tambaye ki?" ya ce.

Ya daɗe a tsaye, har na tabbata ɗauke kwalbar zai yi ya jefa ta kwata. Sai ya sa carbin a aljihu, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen gadon.

"Kota zo, babban mutum," ya ce, "ina ƙarfin da kake ɗibar wa lemona ruwa da shi? Riƙe kayanka."

Papa ya sake kama wuyan kwalbar. Alhasan ya sa tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannun tsohon, ɗayan kuma a wuyan hannun, ya ɗaga a hankali, fuskarsa na kallon bango yana istigfari ƙasa-ƙasa. Ni na tara gwangwanin. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Na rufe na girgiza, na girgiza, har ƙarfen ya yi raɓa yatsuna suka ƙage. Na buɗe, na tsiyaya madarar siririya, ina kallo ina jiran gudaji. Na sake rufewa na girgiza. Da na juye a kofin gilashin matarsa, sai ya fito sumul, fari-fari mai ɗan ruwan ƙwai, da kumfa a sama. Hawaye suka zubo mini, a kan abin da ko ɗanɗana shi ba zan yi ba har in mutu.

Alhasan ya tallafo kansa, na kai kofin bakinsa. Ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya lumshe ido ya daɗe.

"Yaya, Papa?" na ce.

"Lemon tsami ya yi yawa," ya ce. "Ita ma haka take so. Singila, na gode."

Bai ƙara kurɓa ba, bai kuma ƙara magana ba. Alhasan ya ci gaba da riƙe kansa, ni ina yi masa fifita da murfin kwali. Can na ga Alhasan ya kwantar da shi a kan matashi, ya shafa masa ido, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, don ubana na haihuwa ma ban riski mutuwarsa ba.

Rana ta yi ja lokacin da muka ji babur ya tsaya a ƙofa. 'Yarsa ta shigo ƙafafunta duk laka, ta faɗa kan gadon. Alhasan ya fita sanar da mutanen layi, ni na tattara ɓawon lemo a gefen zanina. Kofin na bar shi inda yake a kan kujera, kumfar ta kwanta, da shaidar leɓen Papa a gefe ɗaya.