Tudun da Maitama Ya Gina

Maitama bai ji ihun ba sai da injin sussukar masara ya sauya kuka. Da ya juyo, ƙanensa Mahadi na durƙushe, bel ɗin injin ya ja hannun rigarsa ya haɗa da hannun. Kafin a kashe injin, jini ya jiƙa masarar da ke kan tamfol.

Suka ɗaure damtsen da igiyar buhu, suka ciccibo shi zuwa bakin titi. Ranar kasuwar Dandume ce, duk wata motar ƙauyen ta tafi. Sai babura, sai kuma jar motar nan da ke ƙarƙashin darbejiya tun hantsi, mutane kewaye da ita.

Ta ɗan Alhajin da ke sayen hatsinsu ce, an kawo ta don wasan mota a bikinsa gobe. Kujera biyu gare ta. Cikinta kusan a ƙasa yake, ko kaza ba za ta shige ƙarƙashi ba. An ce don filin tsere aka ƙera ta, aka dai liƙa mata lamba ta hau titi. Ebuka ne ya tuƙo ta, makaniken ɗan Alhajin, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ta kowa.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta fito ko mayafi babu. "Ku sa shi a babur, ɗaya gaba ɗaya baya. Haka aka saba."

"Babur zai jijjiga shi jinin ya ƙare," in ji Maitama. Ya nuna motar. "Wannan kafin ki koma gida ta kai Funtua."

Ebuka ya ɗaga hannu. "Malam, tsaya ka ji. Gudu kam akwai shi. Amma tudun nan na bakin gari, da ƙyar na haye shi ɗazu, a karkace, ni kaɗai. Mu uku ba za ta hau ba."

"Za ta hau."

"Wallahi wanda ya gina tudun nan ba shi da imani."

Mutane suka saci kallon Maitama. Kowa ya san wanda ya gina shi.

Bara war haka Hajo, 'yar Maitama, tana korar awaki daga shanyar masara a gefen kwalta, wata mota ta kwashe ta, ba ta ko tsaya ba. Da aka share makoki ya kwaso marmara da duwatsu da siminti, ya gicciye titin da tudu don dole a rage gudu. Magini ya ce ya isa haka. Maitama ya ce a ƙara. Ya ja shi daga wannan kwalbati zuwa wancan, kada wani ya kauce ta gefe. Direbobi na zaginsa kullum. Tun daga ranar ko akuya ba a sake bugewa ba.

Ebuka ya dubi jinin, ya buɗe ƙofa.

Maitama ya shiga ya rungume Mahadi a cinyarsa, gwiwoyinsu a takure. Motar ta yi ruri, ta manne su da kujera. Gonaki suka zama zane guda. A ransa ya ce sun kai.

"Yaya," Mahadi ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "yau dai na shiga motar manya."

"Rufe bakinka, ka yi salati."

Tudun ya bayyana, fari, ya fi yadda Maitama ya san shi tsawo. Ebuka ya taka burki, ya karkata kan motar, ya fara lallaɓawa.

"Taka ta mana! Jini yake zubarwa!"

"Malam, za ta zauna."

"Na ce ka taka!"

Ya taka. Ƙarfe ya kurza siminti, ƙarar ta shiga haƙoran Maitama. Motar ta tsaya cak a kan doron tudun, tayoyin baya na juyi a iska. Baƙin mai ya fara kwarara a kwalta. Injin ya yi tari, ya mutu.

Fito da Mahadi ya fi shigar da shi wuya. Igiyar ta zame a kokawar, sai da aka sake ɗaurewa. Masu babur da suka biyo su suka iso, aka sa shi a tsakiya kamar yadda Gwaggo ta faɗa tun farko, Maitama a baya yana riƙe da shi. Babur ya haye tudun ba wahala.

Ba su kai mahaɗar Maska ba kan Mahadi ya yi nauyi a kafaɗar mai babur. Maitama ya kira sunansa, ya sake kira. Sannan ya taɓa mai babur ɗin.

"Juya mu koma."

Bayan la'asar aka kai shi. Da aka dawo daga maƙabarta, Ebuka na tsaye can gefen zaure, rigarsa duk baƙin mai da jini. Ya matso ya rusuna.

"Malam, ban san kai ne ba. Ka yafe min abin da na faɗa."

"Gaskiya ka faɗa."

"Allah ya ba da haƙuri."

Maitama bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya shiga gida ya ɗauko diga, ya nufi tudun. Gwaggo ta gan shi, ta kawar da kai.

An ture motar gefe, an lulluɓe ta da tamfol. A doron tudun cikinta ya kankare rami mai faɗin faranti, duwatsun ciki sun fito. Nan ya fi sauƙin farawa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga digar.

Sai ya ji tirela na tahowa daga Dandume, shaƙe da buhuna, a guje. Matar Mahadi, Amatullahi, na cikin gida a zaman makoki, ba ta ga 'yarta ba, wadda ta biyo wata tunkiya ta hau kwalta. Direban ya hango tudun tun daga nesa, ya danna burki. Tirelar ta yi huci, ta rarrafo. Yarinyar ta tsallaka tana tsalle, ba ta ma waiwaya ba.

Direban ya leƙo ta taga. "Allah ya isa tsakaninmu da mai wannan aiki!"

Maitama ya sauke digar. Ya daɗe yana kallon ramin. Daga nan ya gangara gefen titi, ya sara marmara, ya ɗebo a gaban rigarsa, ya cike ramin. Ya sa ƙafa ya daddanne shi.